Sawun da Ya Tsaya a Ƙofa Huɗu

Ranar Asabar da hantsi na fito daga ɗaki da jan biro a hannu, na kalli bencin da ke gindin bishiyar tsakar gida, na ga wayam. Allo ya yi ƙafa.

Allo shi ne sunan da yaran gidanmu suka raɗa wa kwamfutar hannu ta makarantar da nake koyarwa. Ba tawa ba ce. Hedimasta ne ya yarda in riƙa zuwa da ita gida ƙarshen mako, saboda ɗan darasin da nake yi wa yaran gidan hayarmu kowace Asabar. Darasin wannan ranar kuwa na daɗe ina shirya shi. Na tara su bakwai a kan tabarma, babbansu shekara takwas, na ce, "Idan kuna kallo a waya ko a Allo, sai wani abu ya fito wanda ya ba ku tsoro, ko ya ba ku kunya, ko wani da ba ku sani ba ya yi muku magana, me za ku yi?"

Wani ya ce zai fasa wayar. Wata ta ce za ta rufe ido ɗaya ta kalla da ɗaya. Na ce a'a, abu uku ne, kuma muka mai da shi waƙa da tafi: kife, tashi, faɗa wa babba. Suka yi ta maimaitawa har kajin gidan suka watse. Na ƙara musu da cewa ba laifinsu ba ne, ba kuma wanda zai dake su in sun faɗa. Na faɗi wannan da babbar murya, ina jin kaina wata babbar malama. Sannan na kunna musu zanen barkwanci, na shige ɗaki da takardun jarrabawa sittin na turo ƙofa.

Ihun da na yi da na ga bencin, ni kaina sai da na ji kunya daga baya. Kafin in rufe baki gida ya cika. Maman Ɗigo, telar gidanmu, ta fito da tef a wuya. Mai Guga, mai goge wa mutane tufafi, ya fito yana share gumi. Mai gidan da muke haya, wanda muke kira Shugaba saboda son kiran taro, ya fito da rediyonsa manne a kunne. Aka tambayi yara, suka ce su duk sun tafi ƙwallo a waje tuntuni.

Maman Ɗigo ce ta fara nuna ƙasa. Tsakar gidanmu rairayi ne, kuma ranar ni na yi shara na yayyafa ruwa, don haka komai ya fito raɗau. Daga gindin bencin ga sawun silifas na babban mutum, da wani ɗan rami a tafin hagu.

"Wannan ai silifas ɗin Injiniya ne," in ji ta. "Ramin nan ƙarfensa na narka dalma ne ya ƙona. A gabana aka yi."

Injiniya mai gyaran waya ne, watansa biyu a gidan, yana aiki a ɗan tebur bakin ƙofarsa. Ba shi da surutu, kuma a gidanmu rashin surutu shi kansa rabin laifi ne. Ana cikin haka sai ga shi ya shigo daga kasuwa da jaka a kafaɗa. Ba wanda ya amsa sallamarsa. Shugaba ya sa aka zazzage jakar, sai ga gilasan waya da batura da 'yan wayoyi barkatai.

"Kun gani ko?" in ji Mai Guga. "Har an farfasa an rarraba."

Shugaba ya gyara murya kamar mai karanta labarai. "Kafin rana ta faɗi, ko Allo ya fito, ko ka kwashe kayanka ka bar min gida."

Matar Injiniya tana tsaye a ƙofa da tsohon ciki, ta dafa bango. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shugaba, ɗaki ba shi ne damuwata ba, ko'ina akwai ɗaki. Amma in na fita daga gidan nan da sunan ɓarawon waya, wa zai ƙara miƙo min wayarsa? Da me zan ciyar da wannan baiwar Allah?"

Ba zan ɓoye ba, ni ma harararsa nake yi. Hedimasta kawai nake gani a idona.

* * *

"Kowa ya tsaya inda yake!"

Babana ne, ya dawo daga aski, kansa sai sheƙi yake. Shekara talatin da biyar ya yi yana bin sawu, dabbobin da aka sace, mutanen da suka ɓata, har 'yan sanda kan zo su ɗauke shi a mota. Da gwiwa ta gaza na ɗauko shi ya dawo wurina, kuma tun daga ranar yake mita cewa mutanen birni sun toshe wa ƙasa baki da siminti. Abin da ya sa ya yarda da gidanmu kawai shi ne rowar Shugaba, wadda ta hana a yi wa tsakar gida daɓe.

"Na ce ku tsaya. Kai Mai Guga, kar ka sauke ƙafar nan."

Mai Guga ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zakaran da ya taka wuta. Baba ya zagaya da sandarsa, ya ja layi a ƙasa, ya kora mu gaba ɗaya bakin baranda. Yana tafe yana tsaki. "Mutum goma sha biyu, kun tattake min rabin magana. Garken shanu ma ya fi ku nutsuwa."

Na lura idonsa ya yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ya ce, "Uwata, zaro min tsinke ɗaya daga tsintsiya." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya ɗora tsinken tsakanin sawu da sawu. Ya auna nan, ya auna can. Ya kwantar da kai gefe yana kallon ƙasar ta inda rana ke haskawa. Sai na ga ya yi murmushi.

"Baba, ka gane?"

"Na gane ina jin ƙishirwa."

Na kawo ruwa ya sha a hankali, kamar ba mutumin da ake jira. Sannan ya ce wa Shugaba kowa ya koma ɗakinsa ta gefen bango, shi zai bi su ɗaya ɗaya.

* * *

Muka fara da Maman Ɗigo. Ɗakinta cike da yadi, keken ɗinki na bakin ƙofa, ƙaramin ɗanta mai shekara uku yana wasa da zare a ƙarƙashin tebur.

"'Yata, wa ya zo ƙofarki yau da safe?" in ji Baba.

"Babu kowa, Baba. Tun asuba nake kan keken nan, kayan mutane ne za a karɓa yau."

"Ko yaro?"

"Kai Baba, yara kuma ai ba a ƙirga su. Shiga da fita suke kamar ƙuda." Ta sassauta murya ta matso. "Ni dai ba na son tsegumi, amma na ga Mai Guga ya fita da ƙaton ƙulli a bayan kekensa. Me zai hana a cusa abu a tsakiyar zannuwa? Wataƙila su biyu ne."

Muka nufi wurin Mai Guga, ni har na fara shirya abin da zan faɗa masa. Amma Baba ya tsaya a hanya ya nuna min da sanda. Ga layin tayar keke na fita, ga na dawowa, ga kuma silifas mai rami ya taka a kan na dawowar.

"Keke ya riga ya dawo kafin mai silifas ya taso daga benci," in ji shi. "Ƙullin zannuwa ne kawai, Uwata. Sauke fuskar."

Duk da haka ya yi wa Mai Guga tambayarsa. "Wa ya zo ƙofarka?"

"Ba kowa, Baba. Ni da garwashi ne kawai."

"Ko yaro?"

"Yaro ba ya matso ni in ina aiki. Tun daga nesa nake kora." Shi ma ya sassauta murya. "Amma ku tambayi Shugaba. Sau nawa yana cewa wata rana sai ya jefa abin nan a rijiya don yana hana shi jin labarai?"

Wannan kam gaskiya ne, a gabana ya sha faɗa. Da muka isa ƙofar Shugaba kuma na ga sawun silifas ɗin ya zo har gaban kujerarsa ya tsaya, sai wani daɗi ya kama ni, irin daɗin da ɗan haya ne kaɗai ya san shi.

"Shugaba," in ji Baba, "ɓarawon nan ya zo ya gaishe ka, ga sawunsa nan. Me kuka tattauna?"

Shugaba ya miƙe har rediyo ya kusa faɗuwa. "Ni? A gidana? Dattijo, ka san da wa kake magana?"

"Na sani, da mai gida. Wa ya zo wurinka?"

"Ba wanda ya zo! Ina nan zaune ina jin labarai, ko ƙuda bai gifta ba."

"Ko yaro?"

Ya yi wani yarfe hannu. "In ana labarai ni ba na ganin yaro."

Baba ya gyaɗa kai kamar an ba shi kyauta.

* * *

A ɗakin Injiniya mun tarar har matarsa ta fara naɗe labule tana hawaye. Shi yana zaune ya zuba wa teburinsa ido. Ya ce da ƙarfe goma ya fita sayo kayan gyara, da takalminsa mai igiya. Silifas kuwa a bakin ƙofa ya bar su kamar kullum, yanzu ya duba bai gan su ba.

"Suna can baya kusa da akurkin kaji," in ji Baba. "Kar ka taɓa. Tashi ka yi min tafiya daga nan zuwa famfo."

Injiniya ya tashi ya yi. Baba ya bi bayansa da tsinke yana aunawa, yana 'yar waƙarsa ƙasa ƙasa. Da za mu tafi Injiniya ya kira ni.

"Malama, ki yi haƙuri. Makullin yara yana kunne a Allon? Wanda ke tare abubuwan banza?"

Sai na tuna jiya da yamma na kashe shi zan sauko da wani darasi, ban kuma mayar ba. Amma girman kai ya hana ni. Na ce, "Kai da ake tuhuma, kai ne kuma mai tambaya?" Ya sunkuyar da kai. Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji ba daɗi.

Daga nan Baba ya je ya tsaya gaban akurki. Matar Shugaba tana da wata jar kaza da ake kira Sajan, tana kwance kan ƙwai kwana goma sha biyu, ba wanda ke iya matsowa. Ranar ta fi kullum masifa, ta bubbuɗe fukafukai tana gurnani kamar kare. Baba ya gaishe ta da girmamawa ya wuce. Ya kuma ɗan tsaya kallon yaran da suka jeru a gindin bango. Shida suna ta tsalle suna gardamar yadda za a ɗaure ɓarawo. Ta bakwai, Ɗigo, 'yar tela mai shekara shida wadda ƙanƙantarta ta ja mata sunan, tana zaune can gefe ta cusa hannun dama cikin riga.

Sai Baba ya dawo ya kwanta a tabarma ya rufe fuska da hula.

"Baba! Rana na tafiya!"

"Ita ma tana da aikinta. Sai inuwa ta kwanta sawu ke magana da kyau. Ki tashe ni bayan la'asar."

* * *

Da yamma Shugaba ya samu abin da ya fi so a duniya, wato taro. Kowa ya hallara a baranda. Akwatin Injiniya ɗaya har an fito da shi bakin ƙofa. Baba ya tsaya gindin benci da tsinkensa.

"Takun Injiniya tsinke biyu da rabi ne, na auna a gabansa. Ku dubi wannan." Ya ɗora tsinken. Ko ɗaya bai cika ba. "Ku dubi dunduniya kuma. Babban mutum in ya taka, baya ne ke nutsewa. Nan gaba ne kawai ya nutse, bayan yana jan ƙasa, fal, fal, fal. Takalmin Injiniya ne, ƙafar ba tasa ba ce. Ƙafar da ke ciki ko rabinsa ba ta cika ba."

Matar Injiniya ta saki labulen da ke hannunta.

"Yaro ne ɓarawon?" in ji Shugaba. "To wallahi yau..."

"Zauna, Shugaba, ban gama ba. Na bi ɓarayi shekara talatin da biyar. Ɓarawo in ya ɗauki abu, ƙofar fita yake nema. Wannan ko kallon ƙofar fita bai yi ba. Mutane yake nema. Ku biyo ni ta gefe."

Muka bi shi kamar 'yan makaranta. A ƙofar tela ya tsaya. Sawun ya taru wuri ɗaya, hagu kan dama, dama kan hagu.

"Nan ya tsaya yana sauya ƙafa. Haka mai son magana ke yi in ba a kalle shi ba. 'Yata, me kika ce masa?"

Maman Ɗigo ta buɗe baki za ta musa, sai ta dafe ƙirji. "Na ce... na ce matsa kar ki taka min yadi."

A ƙofar Mai Guga sawun bai ma ƙarasa ba, ya tsaya daga nesa ya juya. Mai Guga ya sosa ƙeya. "Na ce akwai wuta, a yi can."

A gaban kujerar Shugaba Baba bai yi tambaya ba, yarfe hannu kawai ya yi irin na Shugaba, har aka yi dariya. Ni ce na fi kowa dariya. Ina cikin dariyar na ga Baba ya juya ya nufi ɗakina.

A bakin ƙofata ƙasar ta lotsa. Baba ya durƙusa, muryarsa ta sauka.

"Nan aka fi daɗewa. Ga inda aka yi ɗage don a kai hannu a ƙwanƙwasa. Ɗaya. Biyu. Uku. Ga inda aka tsaya ana jira. Uwata, me kika ce?"

Na tuna sarai. Ina kan takarda ta arba'in da wani abu, wani yaro ya rubuta min shirme, kaina na ciwo. Na ce, ba tare da na ɗago ba, duk wanda ya ƙara taɓa min ƙofa sai jikinsa ya gaya masa. Na faɗa wa taron da bakina. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi.

Baba ya zauna dirshan a ƙasa, ya ajiye sanda. Bai kalli kowane yaro ba. Ya ce, "Wanda ya yi wannan tafiya ba ɓarawo ba ne. Mai gadi ne, kuma ya fi duk manyan gidan nan aiki yau. Ina so in gaishe shi, in kuma duba masa hannu, don na san bakin Sajan da zafi."

Sai Ɗigo ta taso a hankali, ta zo ta tsaya gabansa, ta zaro hannun. Ga jan tabo biyu a bayan hannun.

"Sannu da aiki," in ji Baba. "Ba ni labari."

"Da su Yaya suka tafi ƙwallo ni kaɗai na rage," in ji ta. "Sai zanen ya tsaya, wani abu ya fito. Wasu manya, ba kaya. Na ji kunya. Sai na kife."

"Daidai. Sai me?"

"Sai na tashi. Ƙasa da zafi, sai na saka takalmin Kawu Injiniya."

"Me ya sa kika tafi da Allon?"

"Ƙanina yana nan zuwa. In na bari zai buɗe ya gani." Ta nuna yadda ta rungume shi a ƙirji, fuskar a ciki. "Na je in faɗa, kowa yana aiki. Sai na sa a ƙarƙashin kwandon Sajan. Yana tsoron Sajan."

"Da aka fara nema fa, me ya hana ki magana?"

Ta saci kallon uwarta. "Mama ta ce duk wanda ya ɗauka 'yan sanda za su tafi da shi."

Maman Ɗigo ta ja tef ɗin wuyanta ta rufe fuska da shi, kamar tef zai iya rufe wani abu.

* * *

Shugaba ya ce tunda kazar gidansa ce shi zai ɗauko. Ya naɗe hannun riga ya nufi akurki da ƙarfin hali. Abin da ya biyo baya yara har yau suna kwaikwayonsa. Sajan ta same shi sau uku kafin ya zaro Allo, a kife, da ɗan kashin kaza a baya, ƙwai ko ɗaya bai fashe ba.

Ya tsaya da shi a hannu yana tsotsar yatsa, bai san wa zai ba. Sai ya juya ya miƙa wa Injiniya da hannu biyu.

Injiniya ya koma gefe, ya ba yara baya, ya buɗe. Na leƙa na kawar da kai. Wata talla ce ta banza ta ɓullo a tsakiyar zanen, ta ƙofar da ni na bari a buɗe. Ya rufe hoton ruf da tafin hannunsa, ya bar kusurwar sama kawai, sannan ya durƙusa.

"Ɗigo, zo ki ƙarasa aikinki. Kin ga 'yar tutar nan? In an danna ta, saƙo na zuwa wurin masu kula da shafin cewa ga abin da bai dace ba, su cire. Amma sai kin kira babba kun danna tare. Kawo yatsa."

Ta danna. Hoton ya ɓace. Sauran yaran suka hau tafi, kowa na cewa shi ma sai ya danna. Injiniya ya mayar da makullin yara, ya nuna min yadda zan sauko da darasi ba sai na kashe shi ba. Bai ce min komai game da maganar ɗazu ba, ni na ce. Na ba shi haƙuri a gaban kowa, ya ce ba komai Malama, kuma daga ganin idonsa na san da komai, ya dai yafe ne.

Shugaba ya gyara murya ya fara wani dogon jawabi kan zaman tare, ya ga ba mai saurare, sai ya sunkuya ya ɗauki akwatin Injiniya da kansa ya mayar ɗaki. Da ya fito ya zaro wayarsa daga aljihu.

"Injiniya, wannan kwana biyu tana min zafi. In ka samu sarari."

Mai Guga ma ya tuna tasa ba ta caji. Maman Ɗigo ta ce a sa wa tata irin makullin nan. Kafin rana ta faɗi waya biyar ke jere a teburin mutumin da aka ce ya bar gida, matarsa na mayar da labule tana dariya tana share ido.

Ni kuwa na durƙusa gaban Ɗigo ina shafa mata magani a hannu. Ta kalle ni ta ce, "Malama, na yi biyu daidai. Na ukun ne na kasa. Za ki ba ni jan biro?"

Na ce, "Kin yi na ukun har sau huɗu. Mu ne muka faɗi."

Nan take Shugaba ya kira wani taron, wannan karon ba wanda ya yi ƙorafi. Aka ƙara wa waƙar layi na huɗu, na manya: in yaro ya ce na kife, ajiye abin hannunka. Aka sa manya suka rera da tafi, yara na gyara musu. Shugaba ya fi kowa murya, ya kuma fi kowa ɓata waƙar.

Washegari da safe na fito da tsintsiya, sai na ga tsohon baho a kife a bakin ƙofata. Na ɗaga. Sawun ne, 'yan ɗagen nan uku, ba abin da ya taɓa su. Baba na zaune a tabarma yana shan shayi.

"Mayar ki rufe, Uwata," in ji shi. "Share ko'ina, ki bar nan."

Kwana tara na yi ina tsallake bahon nan safe da yamma, har ruwan sama ya zo ya wanke wurin. Amma ko yanzu in aka taɓa ƙofata, kafin bugu na biyu na riga na ajiye biro.